Biskit a Ƙarƙashin Ƙofa

Rosario, ƙarshen Fabrairu

Mamata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, da zafin garinku Goya? Mu dai muna nan, sai gajiya.

Rigar makarantar da kika ɗinka wa jikanki Lisandro ta iso, sunansa da kika tsara a ƙirji ya fito ras. Ya ƙi cire ta, har miya ta riga makaranta ganinta.

Damuwata wannan al'ada ta zaman sabo. Kin san ta: sai uwa ta zauna a barandar makaranta kan 'yar kujerar yara har yaro ya saba da aji. Don Anselmo mai gidan burodin da nake aiki ya ce hutun mako guda ya ba ni, wai tandarsa ba ta san zaman sabo ba, kuma masu neman gurbina sun fi ƙuda yawa. Lisandro kuwa ko banɗaki na shiga sai ya tsage da ihu.

Don haka muke gwaji a gida. In sumbace shi, in fita, in rufe ƙofa. Idan ya kira ni sai in amsa daga waje, ya ji ina nan. Ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa, amma ihun ya ragu.

Ki gaida Inna Eulogia. Taki,
Griselda

Rosario, tsakiyar Maris

Mama,

Ina fata kina lafiya, maganin kuma yana aiki.

Na koma aiki tun Litinin. Lisandro bai yi kuka ba ko sau ɗaya, har iyaye suna tambayata sirrin. Ni ma kaina ya fara girma.

Jiya malamarsu Noelia ta ja ni gefe, ta miƙo mini leda cike da gutsattsarin biskit. Ta ce yaron ba ya wasa, ba ya waƙa. Da na fita sai ya zauna jikin ƙofar aji yana ba ni labari, wai Mama tana waje, ta gaji ne shi ya sa ba ta amsawa. In an raba biskit, sai ya tura mini rabin nasa ta ƙarƙashin ƙofa. Mai shara ce take tsince su.

Mama, a motar haya na ci biskit ɗin nan ina hawaye, mutane suna kallona. Na gaji har ƙashina. In na gaya masa gaskiya ihu zai dawo, makaranta ta kira ni, aiki ya tafi. In na yi shiru, ɗana zai ci gaba da ciyar da ƙofa.

Na san ciwon ƙafarki, kuma kunya nake ji, amma ki zo. Ba wani aiki za ki yi ba. Ki zauna a barandar makarantar nan kawai, in ya yi magana wani ya amsa masa.

'Yarki,
Griselda