Keken Babanki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angon nawa. Mu nan lafiya, in ban da gwiwoyina.

Na samu saƙonki cewa za ki kawo mana yaron mu riƙe har ki gama kwas ɗin da aka tura ki daga wurin aiki. Ba shawara kika nema ba, sanarwa kika yi, haka 'ya'yan yanzu suke. Na karɓa, amma da sharaɗi. Yaro mai rarrafe ba zai shigo gidan nan ba sai ɗakin kwanansa ya gyaru, kuma kin san ɗaki ɗaya ya rage mana, ɗakin ɗinkin babanki.

Kwana da kwanaki ina rarrafe a cikinsa don in ga abin da yaro zai gani. Na ɗaura maganaɗisu a zare ina ja a ƙasa. Allurai da fil da suka fito daga tsagar siminti sun cika murfin gwangwani, ban da maɓallai. Kafinta ya kafe kabad a bango, na yanke igiyar labule, na toshe soket. Gadon yaro katifa ce kawai a ciki. Filo da 'yan tsanan da kika aiko suna akwati, jariri ba ya kwana cikin tarkace.

Saura keken ɗinkin. Babanki ya ce ba inda za a kai shi.

Ki gaida maigidanki.

Mahaifiyarki.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin yaron da haƙoran da yake fitarwa?

Kada ki haɗa kaya tukuna. Jiya na tsinci maɓalli a kan katifar, da allura a gindin gadon. Ashe ina fita kasuwa babanki yake shiga ya hau keke. Hannunsa rawa yake yanzu, abu yana faɗuwa bai sani ba. Ba wanda yake kawo masa ɗinki, wandunan yaran maƙwabta yake yi wa faci kyauta. Kai keken falo ba zai yiwu ba, nan ma yaron zai yi wasa.

Na gaya masa ya zaɓa, ko keke ko jika. Tun daga nan ya rage cin abinci. Na san za ki ce na cika tsanani, ke da kullum kike bayansa. Ke kika haifa, amma ni za a bar wa amana, kuma ba zan tsaya gaban likita ina bayanin yadda allura ta shiga cikin yaro ba. In kwas ɗin ya wuce ki, ki yi haƙuri.

Na gaji, 'yata.

Mahaifiyarki.

'Yata,

Ina gaishe ku duka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Shekaranjiya babanki ya kulle kansa a ɗakin tun safe. Ina jin ƙarar keke, ban da ƙarfin faɗa, na ƙyale shi. Da yamma ya fito da zanen gado da ya ɗinka daidai katifar, da roba a kusurwoyi, ya kama ta tam, ko yatsa ba ya shiga. Babu maɓalli, babu ado. Sannan ya karɓi maganaɗisuna ya durƙusa ya bi ɗakin lungu-lungu. Sai da na kama shi ya iya miƙewa. Jiya ya sa aka kai keken gidan maƙwabciyarmu mai koyon ɗinki, bai fito ya ga tafiyarsa ba.

Idan kin zo, kada ki gaishe shi a tsaye kamar yadda kika saba. Ki durƙusa. Kuma kada ki ambaci keken.

Yanzu zama yake a baranda, ƙafafunsa suna motsi sama da ƙasa kamar yana taka keken, bai ma sani ba. Ki kawo yaron da wuri, a samu abin ɗora wa ƙafafun nan.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.