Auta, Ko Garin Ba Ka Gani Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ƙanena Nasiru, autan Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya? Ya zaman haƙuri? Da can nakan ce maka ya baƙunta, amma yanzu kalmar ta yi mini nauyi a baki, don baƙo yana da ranar komawa gida.

Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Inda kake ba a barin mutum da waya, sai ɗan kiran nan da ake ba ku jefi-jefi, wanda kafin mu gama gaisawa ya yanke. Shi ya sa na zo shafin intanet da na saba tallan abaya da mayafai nake rubuta maka. Masu sayen kayana za su karanta, to su karanta. Daga Ƙofar Kwaya har Babbar Kasuwa babu wanda bai san abin da ya same mu ba.

Ka tuna yadda tafiyar ta taso. Shekara da shekaru ni nake zuwa Dubai saro kaya, kai kana tsaron shago. Da gwiwoyina suka ƙi, likita ya ce in daina yawon kasuwa da hawan bene, na ce to lokacinka ya yi. Ranar da bizarka ta fito ka je ka yi aski, ka kai sabuwar shadda ɗinki, sai ka ce ɗaurin aurenka za a yi a cikin jirgi. Na yi maka dariya har Inna ta ce in ƙyale mata ɗa.

Ana gobe za ka tafi, bayan la'asar, na zaunar da kai a tsakar gida. Na miƙe ƙafa a tabarma ina shafa man zafi, ina karanto maka abin da na sani, kai kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Har yau ina iya maimaita maganar nan tiryan-tiryan, don babu ranar da ba ta dawo mini.

Na ce fasfo ɗinka ya zauna a aljihun ciki, wanda tela ya sa wa zif, kuma ka ɗauki hotonsa a waya ka turo mini. Na ce ka isa filin jirgin Kano da wuri, jirgi ba motar tasha ba ce da za ta jira ka ka gama sallama da mutane. Na ce idan ka sauka kada ka canza kuɗinka duka a filin jirgi, ka canza na mota da na abinci kawai, sauran sai cikin gari. Ka sayi layin waya tun a nan, ka kira ni kafin ka kira abokanka.

Na ce da ka isa masauki ka karɓi ɗan katinsu mai adireshi ka sa a aljihu. Titunan can duk kamarsu ɗaya, kuma babu mai shayi a bakin lungu da zai ce maka ka bi nan ka karya kwana. Idan ka ɓata, ka miƙa wa direban tasi katin, ka yi shiru.

Na ce ranar farko kada ka sayi ko allura. Ka sa takalmi mai taushi, ba sabon sau-cikin da ka saya don gayu ba, ka zaga kasuwa, ka taɓa yadi, ka tambayi farashi, ka wuce. Kayan da ka gani a shagon farko ya tafi da hankalinka, za ka same shi a lungun baya da sauƙi. Wanda ya fara tare ka da Hausa yana ce maka ɗan'uwa, ka amsa gaisuwarsa da kyau, amma kada ka bi shi. Idan an haɗa maka kaya, ka tsaya a kansu, a buɗe kowane kwali a gabanka, a rufe a gabanka, ka rubuta sunan shagonmu da hannunka kafin a kai wa masu kago, waɗanda za su turo mana su gida.

Har ƙananan abubuwa ban bari ba. Kada ka tsallaka titi sai inda aka zana. Kada ka tofar da yawu a ƙasa. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane hoto. Na kwatanta maka gidan abincin da nake cin shinkafa da naman rago, na ce ka gaya musu su rage yaji, don na san cikinka.

Sai rigar sanyi. Wata ruwan ƙasa ce mai kauri da na sayo a gwanjo, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ka ɗaga ta da yatsu biyu ka ce, "Yaya, ƙasar zahi hwa za ni." Na ce zafin a waje yake, cikin ɗakunansu na'urar sanyi sai ta shiga ƙashinka. Ka ajiye ta gefe, ka shiga wanka, na cusa ta a jakar.

Magana ta ƙarshe kuwa na maimaita ta har ka gaji. Na ce, Auta, kada ka karɓi saƙon kowa. Ko na wane ne. Idan ya zama dole, a kwance shi a gabanka, ka zazzage, ka shinshina, ka sa yatsa har ƙasa. Ni haka nake yi, shi ya sa a unguwa ake ce mini Rabi mai tsaurin ido. Na taɓa farke ƙullin daddawar wata tsohuwa a gabanta, ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata. Ka yi dariya ka ce ka ji.

Ka ji ɗin, na yarda. Amma akwai maganar da ka riga ka ji tun kafin tawa. Marigayi Baba ya rene mu a kan cewa saƙo amana ne, ba a buɗe shi, ba a tambayar abin da ke ciki. Kana ƙarami ya taɓa zane ka don ka leƙa ƙwaryar da aka aike ka da ita gidan maƙwabta. Yakan ce, "Wanda ya buɗe saƙo ya buɗe mutuncinshi." Ni maganar ta bi ta bayan kunnena. Kai ta shige ka har ɓargo.

Ranar tafiya, da aka sallame sallar asuba, Baba Alhaji ya tare ka a ƙofar masallaci. Aminin mahaifinmu, wanda suka tashi tare, wanda ya kama makararsa, wanda ya yi maka huɗuba ranar da aka haife ka. Ya miƙo maka ƙulli a baƙar leda, an naɗe shi da salatif. Ya ce kuka ce da yaji, za a kai wa ɗan wani abokinsa, yaron zai kira ka idan ka sauka. Ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu. Ka shigo gida ka tura shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin rigar sanyin nan, don ka san idan na gani sai na farke shi, kuma sai unguwa ta ji mu. Duk wannan daga baya ka gaya mini, a waya.

Na jira kiran da na ce ka yi mini da ka sauka. Na ɗauka ɗokin gari ne ya ɗauke ka, har na shirya faɗan da zan yi maka.

Ko ƙofar filin jirgin Dubai ba ka fita ba. Jami'an wurin suka buɗe jakar, suka farke ƙullin, suka sami ƙwayoyi a binne cikin kukar. Suka tambaye ka na wane ne, ka ce naka ne. Auta, naka ne? Na san abin da ya sa. Bakinka ya kasa kama sunan aminin ubanka a gaban baƙin mutane, ka ɗauka abu ne da za a warware da ban-haƙuri, irin yadda ake yi a gida. Kafin lauya ya zo ya lallashe ka ka faɗi gaskiya, an riga an rubuta ta farkon, ka sa hannu.

Na ja ƙafata na je zauren Baba Alhaji, na faɗa masa maganar da mace ba ta faɗa wa sa'an ubanta. Ya yi kuka, ya rantse shi ma wani ne ya ba shi a kasuwa, wancan kuma ya ce wani direba ne ya kawo masa. Lambar yaron da aka ce zai kira ka a kashe take har yau. Ban sani ba ko gaskiya tsohon ya faɗa. Wani lokaci ina ganin ya sani, wani lokaci ina ganin shi ma kunyar ce ta ci shi kamar yadda ta ci ka. Yanzu ya sauya masallaci, idan ya hango ni sai ya karya kwana.

Gonar Baba ta Batagarawa da muka sayar ta tafi wajen shari'a, ba ta dawo da kai ba. Shekarun da alƙali ya yanke ba zan rubuta su nan ba. Na dai duba su, na dubi Inna, na san ba za ta kai ƙarshensu ba.

Abin da ke hana ni sakat shi ne, ko garin ba ka gani ba. Duk surutun da na yi maka a tabarma, na masauki, na kasuwa, na kwali, na shinkafa da naman rago, ko ɗaya ba ka kai gare shi ba. Ka ce abin da ka gani na Dubai shi ne saman dogayen gine-gine ta ƙaramar tagar motar da ta ɗauke ka. Ina jin haushinka, Auta, ba zan ɓoye ba. Wasu ranakun idan na buɗe shago na ga kujerarka, ji nake da kana kusa da na ja kunnenka har ya yi ja. Sai kuma in shiga bayan kanta in yi kukana, in wanke fuska, in fito in ci gaba da ciniki.

Inna ba ta jin haushinka ko ɗaya. Ranar da na yi ta faɗa a gida ina cewa na gaya maka, na gaya maka, ta bari na gama, sannan ta ce, "Ni ban ga laihin yaron nan ba. Abin da muka koya mashi shi ya yi." Tun ranar ban sake ɗaga maganar a gabanta ba.

Ta rame. Idonta ya ragu, ba ta fita ko gidan suna. Ta daina tambayar yaushe za ka dawo. Abin da take tambaya kawai idan ka kira shi ne, "Shina cin abinci dai ko?" Mutane suna ta ce mana a riƙa sa rai, wai akan yi afuwa idan azumi ya zo. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Nakan ce amin don kada a ce na yanke ƙauna da rahamar Allah, amma a cikin raina na daina jiran komai.

Da na san inda kake kamar yadda na san kasuwar, da na sake zaunar da kai na karanto maka. Ban san shi ba. Abin da zan iya cewa kaɗan ne. Ka ci abin da aka ba ka ko ba daɗi. Ka riƙe sallarka. Kada ka shiga faɗan da ba naka ba. Kuma ko a nan ɗin, don girman Allah, kada ka karɓi ajiyar kowa.

A cikin duk abin da na gaya maka, abu ɗaya ne ya yi maka rana. A kiranka na farko daga can ka ce, "Yaya, rigar nan taki ta yi amfani." Ka ce sanyin na'urar ɗakin ba ya ɗaukewa dare da rana, kuma sun bar maka ita. A kiran da ya wuce ka ce ta ɓule a gwiwar hannu, wuyan ma ya saki. Ka faɗe shi da dariya don kada in damu.

Washegari na shiga kasuwa na sayo maka sabuwa, ba gwanjo ba, mai kyau, shuɗiya irin kalar da kake so. Lauya ya ce idan ta isa hannunsa zai yi ƙoƙarin a miƙa maka. Na kai ta wajen Hajiya Talatu, maƙwabciyar shagona, wadda muka sha kwana ɗaki ɗaya a can Dubai, jirginta na jibi. Na warware rigar a gabanta, na juya cikinta waje, na kakkaɓe, na nuna mata kowane ɗinki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Rabi, ki yi haƙuri. Tun abin Auta na yi rantsuwa, kuma ke da bakinki kika ce mu daina karɓar saƙo." Na je wajen wasu, maza da mata, duk amsar ɗaya ce. Labarinka ya koya wa 'yan kasuwar Katsina abin da na kasa koya maka.

Ban yi fushi da ita ba. Da ƙanwata ce, abin da zan ce ta yi ke nan. Na naɗe rigar na dawo da ita gida. Inna ta laluba ta, ta tambaye ni ta wa ce, na gaya mata. Yanzu rigar tana kan gadonta, kusa da matashi, ba ta bari a ɗauke ko za a yi shara.

Allah ya tsare mini kai, Auta. Allah ya sassauta maka sanyin wurin nan, ya sa tsohuwar rigar ta ƙara jurewa. Allah ya ba ka maƙwabta na kirki a ɗakin da kake. Allah ya jiƙan Baba, ya sa tarbiyyar da ya yi maka ta zama nauyi a mizaninsa da naka. Idan da rabon Inna ta sake jin sallamarka a zaure, Allah ya gaggauta. Idan babu, Allah ya haɗa ku a inda ba a rabuwa, ni kuma ya ba ni bakin da zan gaya maka a waya idan ranar ta zo.

Inna tana gaishe ka. Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka.

Wassalam.

Yayarka,
Rabi mai tsaurin ido