Hannun Yaya Sadiq

Laraba da dare, Shahuci

Na tsani Khalifa, abokin Yaya Sadiq. Ni da nake ɗora fuskarsa a kan jarumin duk littafin soyayyar da na karanta, yau ko sunansa ba na son ji.

Ɗazu Yaya Sadiq ya kasa yin lomar tuwo. Yatsunsa suka ƙage, sai da Umma ta miƙo masa cokali kamar ƙaramin yaro. Likita ya ce ya ajiye wasan gem na bidiyon nan tukuna, in ba haka ba hannun zai lalace. Mutum ba ya barci sai bayan asuba, lemon ƙara kuzari ya zama ruwan shansa.

Bayan magariba sai ga Khalifa a soro, ya miƙo min ledar maganin kashe ciwo. Wai gasa ta matso, ƙungiyarsu ba ta da kamar Yaya.

"Ƙanwata, kira min shi mana."

Ƙanwarsa a gidan uban wa? Kaina a sunkuye na ce, "Ba zai fito ba. Ai ba hannunka ba ne."

Na rufe ƙofa. Ledar tana kwandon shara. Jarumin littafina kuwa ya haƙura, gara ya zauna ba fuska.