Tsohon Mai Busa da Sarewar Usman

Daren Alhamis, Aziziyya

Yau Hadiza da mijinta sun zo, ta nuna mini wani shahararren ɗan fim a waya, tsoho, yana busa baƙar sarewar Turawa cikin makaɗan jaz. Ta ce, "Umma, bai iya ba, sunansa kawai ake tafa wa." Mijinta ya ce ai don jin daɗinsa yake yi. Na ce musu khalas, ya isa haka, mai furfura irin wannan carbi ya kamata ya riƙe.

Sun tafi, amma busar ta ƙi barin kunnena. Numfashinsa yana yankewa a tsakiya, kamar na autana Usman kafin in karya tasa sarewar. Ranar na ce masa ba a taɓa maroƙi a gidanmu ba. Gaskiya na faɗa, ban janye ba. Wata bakwai ke nan yana tuƙin mota can unguwar Abhur, gaisuwa ma sai ta bakin Hadiza.

Tsohon nan bai iya ba, amma ba wanda ya ƙwace masa.

Gobe zan tuƙa tuwo, in sa Hadiza ta kira shi. Ba zan yi zancen sarewa ba. Ya dai zo ya ci.