An Koya Wa Ɗana Kwancewa, An Rufe Ɗaki Kafin Haɗawa

Daga:
Mahaifin ɗalibi a aji huɗu, rukunin B,
Gida na ƙarshe, layin bayan tashar bas.

Zuwa ga:
Mai girma Shugabar Makaranta,
Makarantar Sakandaren Gwamnati ta Bayan Gari.

Litinin, 20 ga Janairu.

Game da: rufe ɗakin koyon gyare-gyare a tsakiyar karatu, da halin da ɗana da kayan gidana suke ciki.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan an shiga sabon zango lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni direban bas ne, karatuna bai yi nisa ba, don haka idan an ga kuskure a tsarin takardar nan a yi mini afuwa, a dubi maganar. Ɗana shi ne dogon nan mai zama a bencin baya, wanda 'yan ajinsu suke kira Injiniya. Tun da na sa shi a makarantar nan ban taɓa kawo ƙara ba, ko lokacin da aka canza launin safa bayan mun riga mun saya. Wannan karon ne abin ya fi ƙarfina.

1. Cewa a farkon zangon da ya wuce makaranta ta raba wa iyaye takarda mai hotuna, ta nuna abubuwan da ɗalibi zai iya zaɓa bayan darasi: ƙwallo, muhawara, wasan kwaikwayo, lambu, da ɗakin gyare-gyare. Ni muhawara na so masa, don yaron ba ya magana, in ka tambaye shi abu sai ya ɗaga kafaɗa. Shi ya nuna gyare-gyare da yatsa, na amince.

2. Cewa malamin ɗakin, wanda yara suke kira Malam Sifana, yana da tsarinsa, kuma ya bayyana mana shi a taron iyaye na watan Oktoba. Zangon farko kwancewa kawai ake koya. Yaro ya buɗe abu, ya fito da kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera kusoshi a kiret ɗin ƙwai bisa yadda ya ciro su. Haɗawa sai zango na biyu. Ya ce wanda bai ga cikin abu da idonsa ba, bai isa ya mayar da shi ba. Duk muka gyaɗa kai, ni har da tafi. Ban kawo a raina cewa za a riƙa ba su aikin gida ba.

3. Cewa Malam ya umarce su da su gwada hannu a kan kayan da suka lalace a gidajensu. Ina shaida, waɗanda suka lalace ya ce. Sai dai a wurin ɗana duk abin da yake ƙara ya lalace, wanda ba ya ƙara kuma dole akwai dalilin shirunsa, sai an duba. Kafin a yi hutu ya kwance fankar falo, da dutsen guga, da agogon bango, da rediyon surukata wadda take zaune tare da mu. Ya rufe da keken ɗinkin mahaifiyarsa, ranar da ta je asibiti duba ƙawarta. Ba zan zalunce shi ba, aikin yana da tsabta. Kowane abu yana kan tasa jaridar a ƙarƙashin gado, kiret a gefensa. Duk lokacin da na ɗaga murya sai ya ce in yi haƙuri zuwa Janairu. Na yi haƙurin.

4. Cewa ranar 6 ga Janairu da aka koma, yara suka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin, an shafe sunansa da fenti an rubuta Ɗakin Kwamfuta. Ni ba na gaba da kwamfuta. Amma na leƙa ta taga, ko ɗaya babu, sai bencinan aiki da akwatunan kayan gyara yadda aka bar su. Malam Sifana kuwa an mayar da shi kula da layin ɗakin cin abinci. A can na same shi yana raba yara biyu masu faɗa kan cokali. Ya ce ba zai iya koyar da haɗawa a tsaye a bakin layi ba, kayan aikinsa suna ciki, makulli yana wurin mai sito. Mai sito ya ce yana wurin Mataimakinki. Mataimakinki ya ce ana jiran kwamfutoci. Da na tambaye shi yaushe za su iso, sai ya dubi silin, ya ce in gaida gida.

5. Cewa a sakamakon haka gidana ya shiga wani hali. Mahaifiyar yaran tana ɗinka wa maƙwabta kayan makaranta, yanzu sai ta ɗauki yadi ta tafi gidan yayarta a ɗaya gefen gari, kuma tun daga lokacin in tana da magana da ni sai ta aiko autarmu, ko da kuwa muna zaune a kujera ɗaya. Surukata ta ce tun da ni na amince aka kashe mata rediyo, ni zan riƙa ba ta labaran duniya in na dawo aiki, kuma in labarin bai yi mata daɗi ba sai ta ce rediyo ya fi ni iya faɗa. Da yake babu dutsen guga, shugabana a wurin aiki ya tambaye ni a gaban kwandastoci ko a cikin rigar aikin nake kwana. Autar tamu kuma ta jawo kiret biyu ta yi wasan shago da su, kusoshin fanka suka gauraya da na agogo. Na zuba komai a buhu na kai wa mai gyara na bakin titi. Ya leƙa ciki, ya tambaye ni abu ɗaya ne ko uku, ya miƙo mini buhuna.

6. Ranki ya daɗe, duk waɗancan zan iya jurewa. Wannan ne ba zan iya ba. Ofishinki ya san yaron nan, don bara an sha kira na saboda ba ya zuwa aji. Amma tun da ya shiga ɗakin nan, kafin in gama ɗaura takalmi ya riga ya rataya jaka. Ya fara magana a wurin cin abinci. Wata rana ya yi mini bayanin abin da yake juya fanka, ban gane ko rabi ba, amma ban katse shi ba. Har lissafi ya fara tambayar yayarsa, don Malam ya ce ba a auna waya da ka. Tun da aka sa kwaɗon nan ya koma ɗaga kafaɗa. Ranar Laraba 15 ga wata, da hantsi, ina tuƙi da fasinja cike da mota, na hango shi da rigar makaranta a garejin bakin gada, yana riƙe wa wani makanike fitila a ƙarƙashin mota. Babu damar tsayawa, haka na wuce ina kallonsa ta madubi. Daga baya na ji mai garejin ya ce masa ya dawo wurinsu gaba ɗaya. Ban raina gareji ba, ba don makanikai ba da ban ci abinci ba. Amma ina so ya je can da takardar gama makaranta a hannunsa. Na san ɗana, in ya ajiye jakar nan yanzu ba zai sake ɗaukarta ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a buɗe ɗakin nan har zuwa ranar da kwamfutocin za su iso, a mayar da Malam Sifana bakin aikinsa ya ƙarasa abin da ya fara. Idan sun iso, a ba shi ko da rumfar ajiye kekuna ce, ya ce mini za ta ishe shi in an sa benci biyu. Layin abinci kuwa, na lura akwai malamin motsa jiki mai murya, zai fi dacewa da shi.

A ƙarshe, ya zama wajibi in sanar da ke wani abu don kada a ce na ɓoye. Yaron ya faɗa wa yayarsa cewa farar motar nan da ake ajiyewa a gindin bishiya kusa da ofishinki tana ɗigar da mai, kuma yana ganin ya san daga inda yake fitowa. Na ja masa kunne sosai, ya ce to. Sai dai ni ina kan hanya duk yini, kuma kamar yadda na bayyana a sama, abin da makaranta ta koya masa zuwa yanzu rabi ne.

Ina fatan za a duba wannan ƙorafi da idon rahama, kuma da wuri. Allah ya ƙara girma, ya taya ki riƙo.

Naki cikin girmamawa da biyayya,

(sa hannu)
Baban Injiniya,
Direban bas, layin kasuwa.