Kekena da Dokar Hannun Dama

Litinin, 27 ga Maris 1972

Rediyo ya ishe mu: wai daga ranar Lahadi kowa ya koma bin hannun dama a titi. Shekara goma sha tara ina taka kekena daga Kusfa zuwa makarantar da nake masinja a Gyallesu, a hagu, ko akuya ban taɓa bugewa ba. Da walakin. Ina jin dabara ce ta kama mana kekuna.

Alhamis, 30 ga Maris

Sabo wanzami, maƙwabcina, ya tare ni a zaure. "Malam Lado, dokar nan har da mu masu keke fa." Na ce keke mota ne? Wa ya aiko shi? Shi ke yi wa 'yan sandan Ƙofar Doka aski, kowa ya sani. Zan rage sakin baki a gabansa.

Lahadi, 2 ga Afrilu

An juya. Direbobi na tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Ban fita ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Na bi haguna lafiya lau. Ai gara ina ganin motar da za ta kashe ni da ta zo mini ta baya. Wani ɗan sanda ya busa mini usur, ya kira ni da sunana. A ina ya ji sunana? Sabo.

Laraba, 5 ga Afrilu

Bari in rubuta. Da safe a bakin Ƙofar Doka, ina fita a hagu, mai keke na shigowa a damansa, tirela a gefenmu. Na kaɗa ƙararrawa, ya kaɗa. Na ɗauka zai kauce, ina zai kauce? Muka gwabza. Sabo ne. Zabirarsa ta watse, asake da ƙahonni a ƙasa. Ni gwiwa kawai na kuje. Shi hannunsa na dama ya karye, wanda yake aski da shi.

Ɗan sandan jiya ya zo da littafinsa, ya ce wa ya saɓa hannu. Sabo na gumi ya ce, "Burkina ne ya ƙi, na faɗi, Malam ya tsaya taimakona." Me yake nufi da wannan? Ajiye ni yake yi sai wata rana?

Asabar, 8 ga Afrilu

Maɗori ya ce wata biyu kafin Sabo ya riƙe aska. 'Ya'yansa shida. Batulu matata ta kai musu tuwo, ta dawo ta dire mini nawa ta juya. Wannan ya fi zagi.

Na shiga gaishe shi. Na jira ya yi mini gori, har na shirya amsa. Sai ya ce, "Yaya gwiwar?" Na ce wa ya faɗa wa ɗan sanda sunana. Ya yi dariya har hannun ya motsa. "Malam, kai ke kai wasiƙun makaranta ofishinsu."

Haka ne kuma.

Litinin, 17 ga Afrilu

Na gyara kekensa. Ni ke ɗaukar Sabo a bayan kekena zuwa wurin maɗori kafin in wuce aiki. Ta dama muke bi. Ba don dokarsu ba, ɓangaren ya fi inuwa da safe, kuma mutumin na da karaya.

Da na sauke shi ma, ban tsallaka hagu ba.