Jog Ɗin Zamzam Ɗinki, Hajiya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙara na kawo miki, kuma ke kika haddasa rigimar.

Kin tuna jog ɗin gilashin nan mai zanen barewa da kika tsinto a shagon gwanjo a unguwar Lewisham? Kika ɗora shi can saman kabad, ba ya saukowa sai za a ba baƙi zamzam. In kin ɗaga shi sai ki ce, "Turawan da sun iya abu, ji nauyi!"

To Hajiya, na tallar giya ne.

Ranar addu'ar bakwai ɗinki na sauko da shi. Tsohuwar Baturiyar nan maƙwabciyarki ta shigo ta'aziyya, tana ganinsa ta hau murna a gaban matan Islamiyyarku. Wai mahaifinta mashaya yake da ita a Scotland, kuma masu yin wiski ne ke raba irinsa tun zamanin kakanni, don a riƙa surka giyar da ruwa. Rubutun da ke ƙarƙashin barewar, wanda muka ɗauka sunan kamfanin gilashi ne, ashe sunan wiskin ne. Malamarku ta ajiye kofinta a hankali. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk kayan da ke shagon nan, Hajiya, wannan ne ya yi miki?

Yaya Kabiru ya rantse sai an fasa shi. Na ce masa ko a mashayar ma ruwa ake zubawa a ciki, ya ce in rufe masa baki. Shi bai duba cewa hukumar council ta karɓe flat ɗin da kike haya ba, tufafinki an yi sadaka da su, wannan kaɗai ya rage mini. Na naɗe shi a zani na hau bas zuwa gidana a Peckham. Daga nan Yaya ya daina ɗaukar wayata. Na rasa uwa, ga shi ina neman rasa wa saboda barewa. Wallahi na ji haushinki.

Ranar Lahadi sai ga shi da guduma a leda. Na gaji, na dire masa jog ɗin a gabansa na ce bismilla. Ya ɗaga, ya daɗe yana juya shi. Can ya ce in cika masa shi da ruwa, ƙishirwa yake ji. Ya sha yana hawaye, yana jaddada mini cewa shi fa har yanzu bai yarda ba. Ya tafi ya bar gudumar.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiyata, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga Alkausara da kofin da ba mai gardama a kansa. Amin.

'Yarki da har yanzu ba ta huce ba,
Bilkisu